Katifar Zalɓe

Lahadi, da yamma

Sun ba mu! Shekara uku ina aika wa gidauniyoyi takardar neman tallafi suna mayar mini da "mun gode da sha'awarka", yau dai wata ta amsa. Matar da ke kula da tallafin ce ta kira ni da kanta. Na miƙe tsaye ina amsa wayar har da ɗan rusunawa, sai da matata ta tuna mini cewa matar ba ta ganina.

Fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan tafkin da ke bayan unguwarmu. Kashi uku na tsara shi. Na farko, tafkin cikin ƙazantarsa. Na biyu, yaran ƙungiyar kula da ruwa ta makarantar su Auta suna koyon abin da shara ke yi wa kifi da tsuntsaye. Na uku, unguwa ta fito ta share. Sun ba da rabin tallafin, sauran sai matar gidauniyar ta zo ta ga kashin farko da idonta.

Abu ɗaya ya ɗan sosa mini rai. Na zaci tsarin da na rubuta ne ya burge su, ashe muryar 'yata Auta ce, da na sa ta karanta 'yan layuka a kan hotunan tafkin da na tura musu daga waya. Matar ta ce, "Muryar yarinyar nan ita ce fim ɗin, kada a canza ta." Ni da na yi wata guda ina rubutu. Ba komai, ai ni na haife ta.

Na ce wa matata kada kowa ya ji tukuna. Ta ce to.

Litinin, da hantsi

Surukata ta kira ta yi mini barka.

Talata, da yamma

Mun je tafki ni da Auta don in duba wuraren ɗauka. Ƙazanta sai wanda ya gani, har raina ya yi fari. Ledoji sun rufe bakin ruwan, robobi suna ta shawagi, ga tayoyi, ga rabin kujera. Amma sarauniyarsu ita ce wata tsohuwar katifa a gindin babbar bishiyar nan, rabinta a ruwa rabinta a waje, da wani zalɓe da ya mayar da ita wurin tsayuwarsa, ya ɗage ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota. Da ita zan buɗe fim. Na riga na gani a kaina: hasken safiya, katifa, zalɓe, sai muryar Auta ta shigo a hankali.

Auta ta dube ni ta ce, "Baba, kai kamar daɗi kake ji."

Na ce, "Daɗin aiki nake ji."

Ta ce, "Ni tausayin kifayen nake ji."

Na ce mata yawwa, da wannan muryar nake so ta faɗa a fim.

Laraba, da sassafe

Na raba wa yaran ƙungiyar ƙananan kyamarorin da muka saya da tallafin, na kuma ba su darasin farko a bakin tafki, malamarsu ta kimiyya tana tsaye tana gyaɗa kai. Na ce musu mai ɗaukar fim na gaskiya ba ya magana, ba ya tsoma baki. Idan kun ga wani yana zuba shara a ruwa, ko wane ne, ku laɓe, ku dafe gwiwar hannu a ciki, ku riƙe numfashi, ku ɗauka har ya gama. Sun saurare ni kamar za su haɗiye maganar.

Na kuma tsara musu cewa duk ranar Laraba da sassafe, kafin a shiga aji, za su riƙa zuwa tafki ƙidayar tsuntsaye. Ni na tsara wannan da kaina. Ina rubuta shi a nan don a san irin kan da Allah ya ba ni.

Gobe za mu tafi birni ni da Dogo, ƙanin matata kuma mai ɗaukar hotona, mu karɓo babbar kyamara.

Asabar, da rana

Mai shagon ya ce kyamarar tana hanya. Jiya ma tana hanya. Dogo ya ce wataƙila da ƙafa take zuwa.

Alhamis, da la'asar

Mun dawo da kyamara. Ban ko ajiye jaka ba na ja Dogo zuwa tafki don ya ga katifata.

Da farko na zaci mun ɓata hanya. Ruwa garau, har ana ganin ƙananan kifaye suna wasa a ƙasa. Ko leda ɗaya babu. An jera duwatsu a bakin ruwan an shafa musu farin fenti, wani mai ƙarfin hali har furanni ya dasa. Gindin bishiya fayau. Zalɓen yana tsaye a kan dutse, shi ma da alama ba a yi shawara da shi ba.

Sai ga surukata ta taho da tsintsiya a hannu, fuskarta cike da murna.

"Kun dawo, Baban Auta? To ga aikinmu. Da na ji za a nuna unguwarmu a duniya na ce ba da ni ba, ba za a nuna jikata tsaye a cikin shara ba. Gida gida na bi. Maza, mata, yara, har mai wankin mota. Kwana uku muna abu ɗaya."

Na ce, "Sannunku da ƙoƙari, Mama. Katifar fa?"

"Wannan annobar? Sai da ƙarti shida suka ja ta. Motar shara ta yi gaba da ita. Ba sai ka gode ba, ai gida ne."

Na gode mata. Dogo ya juya mana baya, kafaɗunsa suna ta rawa.

Sun yi mini kashi na uku kafin in ɗauki na farko. Shekara ashirin ana zuba shara a tafkin nan ba wanda ya ɗaga tsinke, sai a makon da nake bukatar sharar.

Juma'a, da safe

Matar gidauniya ta kira. Za ta zo nan da mako biyu. Ta ce ta ƙosa ta ga katifar nan da tsuntsunta suna motsi, har ta liƙa hotonsu a bangon ofishinta. Ta tambaye ni ya katifar take.

Na ce tana nan lafiya.

Lahadi, da yamma

Mun yini muna yawon neman wani tafkin mai datti. Mun samu biyu, masha Allah, amma ɗaya ba bishiya ko ɗaya a kusa da shi, ɗayan kuma wata ƙatuwar masana'anta ce a bayansa, ita kuwa matar ta san bishiyarmu. Dogo ya gwada ɗora hoton katifar a kan ruwan da kwamfuta. Ta fito tana shawagi a sama kamar za ta tashi, zalɓen kuma ya fi bishiyar tsawo.

Auta kuwa bakinta ba ya rufuwa. Wajen cin abinci ta ba mu labarin yadda suka tsamo kwalabe, da yadda ta ga wani kifi mai jan wutsiya da ba ta taɓa gani ba. Ina ta cewa "madalla, madalla", hankalina yana kan katifa.

Talata, da rana

Na sayi tsohuwar katifa wajen mai gwanjo. Kada a tambaye ni.

Talata, da yamma

Na aro baro. Na kuma tara 'yan ledoji da robobi, buhu biyu kacal. Ba wani abu ba ne, ado ne na 'yan mintoci, in na ɗauka in kwashe abina, ko kifi ba zai sani ba. Duk manyan masu fim suna gyara wuri kafin su ɗauka.

Dogo ya ƙi. Ya ce, "Yaya, uwata ce fa ta share tafkin nan. In ta ji da hannuna, a ina kake so in riƙa cin abinci?" Na ce masa wanda ba shi da zuciya ba ya fim. Ya ce ya yarda ba shi da ita.

Gobe da sassafe zan je ni kaɗai, kafin kowa ya fito.

Laraba, da hantsi

Babu abin da ya faru.

Laraba, da rana

Na shanya wandona da rigata a bayan ɗaki. Takalmi ɗaya yana can. Babu abin da ya faru.

Laraba, da yamma

Zan rubuta abu biyu kawai, don amfanin masu zuwa a baya. Na farko, katifa in ta sha ruwa nauyinta ya fi na saniya. Na biyu, duk wanda ya tsara wa mutane ranar da za su riƙa zuwa wani wuri, to ya riƙa tuna ranar.

Zalɓen ko kallon katifar bai yi ba.

Alhamis, da safe

Ba wanda ya yi tari. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Yara cike da bayan duwatsu da ciyayi, da malamarsu, tun daga lokacin da na juye buhun farko har zuwa lokacin da santsi ya kwashe ni na bi katifar cikin ruwa, ba wanda ya ce uffan. Sai da na ɗago kai, ciyawar ruwa a kunnena, na ga ƙananan kyamarori sun kewaye ni, kowa ya dafe gwiwar hannu a ciki. A matsayina na malami, ba ni da abin cewa, sun koyi darasi.

Ba zan sake maganar ba.

Alhamis, da yamma

Auta ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ina zaune a gabanta ta ce, "Mama, ki ce wa mijinki ya miƙo gishiri." Na miƙa. Ta ce, "Mama, ki ce an gode."

Juma'a, da rana

Na fita sayen burodi, wasu yara a bakin shago suka ce, "Sannu, Baban Katifa." Mai shagon ya tsawata musu, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da bukatar leda, ko ina da tawa a gida.

Surukata ta zo. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Gaishe ni ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi sanyin ruwa, sannan ta ajiye mini takalmina ɗaya a kan tebur, wanda suka tsamo da suka sake share tafkin, an wanke shi tas, ta tafi.

Asabar, da safe

Yau ne ya kamata mu naɗi murya. Na kwashe kayan wadrob na jera barguna a ciki don kada ƙarar waje ta shiga, na rataye makirufo, na rubuta layukan da manyan baƙaƙe. Saƙo ya iso ta bakin uwarta: mai muryar ta ce ba ta karanta wa masu zuba shara.

Na ce a gaya mata ado ne na fim. Aka dawo da amsa cewa kifayen ba su san fim ba.

Saura kwana shida matar gidauniya ta zo. Ba katifa, ba ƙazanta, ba murya. Ina da tafki mai tsabta da sabuwar kyamara, sai mura.

Lahadi, da la'asar

Na sayo wa Auta takalmin nan mai fitila da ta daɗe tana so. Ta karɓa, ta duba, ta cire ledar da aka naɗe shi a ciki ta ninke ta ba uwarta. "Mama, ki ɓoye wannan, kada wani ya kai ta tafki."

Na shiga wadrob na gwada karanta layukan da muryata. Dogo ya saurara har ƙarshe ya ce ya yi kyau sosai, sai dai ya zaci zan faɗi lokacin jana'iza.

Litinin, da safe

Gishiri ma yau da kanta Auta ta tashi ta ɗauko.

Litinin, da yamma

Na ce wa matata abin ya isa haka, ta yi wa yarinyar nan magana, wasa ya fara taɓa abincinmu. Tana ninke kaya ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban Auta, ka ga hannunta?"

Na ce wane hannu.

"Na dama. Kwalba ta yanke ta ranar da suka share tafkin, sai da aka yi mata ɗinki. Ta hana ni gaya maka a waya, wai so take ka dawo ka ga ruwan tukuna, ka yi mamaki. Ranar da kuka dawo tun rana take leƙa titi. Kwana nawa tana zaune a gabanka da filasta, tana ba ka labarin kifi mai jan wutsiya, kana cewa madalla."

Ni mai ɗaukar hoto ne. Sana'ata kenan, in ga abin da mutane ba su gani ba. Na san yawan yagewar da ke jikin waccan katifar, na san ƙafar da zalɓen ya fi ɗagewa.

Kunya nake ji, irin wadda ba ta bari a ci abinci.

Talata, da rana

Malamar kimiyya ta kawo kyamarorin yaran a cikin kwali, don yarjejeniya ta ce duk abin da aka ɗauka darakta ake kai wa. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba, mun gaisa da kwalin.

Na kalli kaina ta gaba, ta baya, ta gefe, wani ɗan banza har daga kan bishiya. Ban san haka ƙeyata take ba. Ga ni ina watsa ledoji ina ja da baya ina duba ko sun zauna daidai. Ga ni ina gyara wa wata roba zama. Ga ni ina yi wa zalɓe alama da hannu ya zo ya hau.

Na Auta ya fi na kowa. Ba don 'yata ba ce. Ta zaɓi inda rana ke bayanta, ta sa bishiyar a gefe, ruwan garau a gaba, sai ga mutum ya shigo da baro. Hannunta ko motsi. Sai wajen da na juyo fuskata ta fito sosai, nan hoton ya ɗan girgiza, kamar numfashin da aka riƙe ya ƙwace. Sannan ta sake daidaita shi ta ci gaba da ɗauka har ƙarshe, yadda na koya mata.

Na mayar da wurin baya na kalla ban san sau nawa ba.

Dogo yana bayana. Ya ce, "Yaya, maɓallin gogewa ga shi nan, ba wanda zai sani sai yara goma sha huɗu da duk unguwa." Da ya ga ban yi dariya ba ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "In gaya maka gaskiya? Katifa da tsuntsu kowa zai iya ɗauka. Wannan kuwa ban taɓa ganin irinsa ba."

Na kore shi.

Laraba, da sassafe

Na je tafki. Ba da baro ba. Na tsaya nesa, yaran suna ƙidayar tsuntsaye. Na tsinci wata leda a cikin ciyawa, tawa ce, na gane ta. Na sa a aljihu.

Alhamis, da yamma

Mun yini muna haɗa hoto ni da Dogo. Ya ce a ɗan rufe fuskar mutumin. Na ce a bar ta.

Juma'a, da la'asar

Matar gidauniya ta zo. Mun zauna a falo, ita da ni da Dogo da matata, surukata kuma ta gayyaci kanta ta zauna a kujerar da ta fi kowace kyau. Auta tana bakin ƙofa, rabinta a ciki rabinta a waje.

Na ce, "Ranki ya daɗe, katifar da ke bangon ofishinki ba ta nan. Mutanen unguwa sun share tafkin kafin in ɗauki komai. Ga abin da muke da shi." Na kunna.

Ta fara kallo da biro a hannu. Da mutumin ya fara kiran zalɓe ta ajiye biron. Da ya faɗa ruwa ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce, "Kai, ashe kana wasan kwaikwayo ma! Yadda ka yi kamar ba ka san ana ɗauka ba!"

Ga ƙofa a buɗe, in na ce e shi kenan. Na ji idon Auta a ƙeyata, wannan ƙeyar dai.

Na ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe. Da gaske nake zubawa. So na yi in kawo miki ƙazanta ki gani."

Surukata ta gyara zama kamar wadda aka sa wa waƙar da take so.

Matar ta mayar da tabarau. Ta ce wannan ba abin da aka yi yarjejeniya a kai ba ne, kuma dole ta gaya wa kwamitinsu komai yadda ya faru, ba ta yi mini alkawarin sauran tallafin ba. Ta tambayi wanda ya ɗauki hoton farko. Na nuna bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon Auta, sannan ta ce in har za a ci gaba, kada a yanke wurin faɗawa ruwan, kuma tana jiran muryar.

Da ta tafi surukata ta ce mini, "Baban Auta, ka ci abinci kuwa?" Na ce a'a. Ta ce a zuba mini.

Asabar, da hantsi

Ina cire barguna daga wadrob, don matata ta gaji da ganin kayanta a kan gado, sai ga Auta ta shigo. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki takardar layukan da na rubuta ta ajiye a gefe, ta shiga ta tsaya gaban makirufo ta jawo ƙofar. Na yi wuf na sa abin sauraro a kunne, na kunna mata hoton a waya ta kafar ƙofa. Ruwa garau, bishiya, sai ga mutum da baro.

Ta ce, da muryar nan tata:

"Wannan tafkinmu ne. Mu muka share shi da hannunmu. Wannan da ke zuwa babana ne. Shi ya koya mana yadda ake ɗaukar mai zuba shara. Ba mugu ba ne, yana son tafkin, sai dai ya fi son hotonsa. Ku ci gaba da kallo, zai faɗa ruwa. Daga baya ya dawo ya tsince ledojinsa, na gan shi ranar Laraba, shi bai san na gan shi ba."

Murar nan ta dawo mini, ta ido wannan karon, ina ta goge fuska da gefen bargo.

Ƙofar wadrob ta buɗe kaɗan. Ta leƙo, ta dubi na'urar naɗar muryar da ke kan cinyata, sannan ta dube ni, ni ɗin nan, ba ta bakin uwarta ba.

"Baba," ta ce, "ba ka danna jan maɓallin ba."

Mun sake ɗauka.